Kofur Mai Kallon Bakina

Ruwa ake tsugawa ranar da jirgin ƙasa ya sauke ni a babbar tashar da ke kudancin kogin Kaduna, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Shekaruna ashirin da huɗu, ban taɓa wuce Kano ba, amma ina ji da kaina ƙwarai. Daga Haɗeja na taso da takardar ɗaukar aiki a aljihu da akwati biyu. Ɗaya na tufafi ne. Ɗayan shi na fi ji da shi, domin a ciki na zuba kayan koyarwar da na yi wata biyu ina sassaƙawa da hannuna bayan na gama makarantar koyon sana'a. Akwai sanduna, akwai weji na tsaga itace, akwai kusoshi masu zare, akwai kuma kura manya da ƙanana, wato ƙafar nan mai kwari da ake ratsa igiya a kanta a ja kaya sama.

Ina tsaye ina raba ido sai ga wani mutum cikin kaki, fes da shi, ya nufo ni yana murmushi.

"Malam Isiyaku ne daga Haɗeja? Sannu da hanya. Ofis ne suka turo ni in tarbe ka."

Wani daɗi ya kama ni. Na ce a raina, ashe har an san da zuwana. Bai faɗo mini ba cewa sunana da garinmu suna nan ɓaro-ɓaro a jikin akwatin, ni na rubuta su da farin fenti. Ya jinjina akwatunan biyu, ya zaɓi wanda ya fi nauyi ya ɗora a ka, ya ce in tsaya a nan ya samo mana mota. Na tsaya har ruwan ya ɗauke, har aka kira la'asar. Abin da kawai yake sanyaya mini rai har yau shi ne in tuna fuskar da ɓarawon nan zai yi sa'ad da ya ɓalle kwaɗon ya tarar da guntayen katako.

A Makera na sami ɗaki, a gidan wani Alhaji mai fataucin goro. Unguwa ce ta baƙi, kowa da inda ya fito, kowa da irin Hausarsa. Tawa ma ba ta tsira ba, da na buɗe baki sai a ce, "Bahaɗeje, ina ka baro kifin?" Ni kuwa kifin nake kewa da gaske. Na je bakin kogin sau ɗaya don in rage kewar gida, na tarar da jan ruwa yana gudu tsakanin duwatsu, babu komi, wato jirgin masunta, ko ɗaya, babu masunci da zan gaisa da shi. Ban ƙara komawa ba.

Wurin aikin wani yadi ne na 'yan kwangila a gefen Kakuri. A lokacin ana ta gine-ginen masana'antu, injuna suna zuwa a taragon jirgi cikin manyan akwatuna, ana neman waɗanda za su iya sauke su, su ja su, su girka su ba tare da an karya injin ko ƙafar mutum ba. Aka zaɓo leburori goma sha biyu daga cikin masu tsayuwa a bakin ƙofa kowace safiya suna jiran a nuna su da yatsa. Aikina in koya musu cikin wata uku yadda sanda da kura da weji da gangara suke rage wa mutum nauyi. Bayan nan Baturen yadin, wanda ake kira Mai Lofe saboda lofen taba ba ya barin bakinsa, zai yi musu jarrabawa da baki. Wanda ya ci za a ba shi lambar tagulla ya rataya a ƙirji, ya zama ma'aikaci na dindindin. Wanda ya faɗi ya koma bakin ƙofa.

Ajin namu rumfar kwano ce. In ruwa ya sauko ko ni ba na jin abin da nake faɗa. Kuma duk cikinsu babu wanda bai girme ni ba, shi ya sa na fara tara gashin baki don a ɗan ga girmana.

Ban yi mako guda ba na gane cewa ba aji ɗaya aka ba ni ba, kowane mutum ajin kansa ne. Akwai Alaramma Sule, mahaddacin Alƙur'ani da rayuwa ta jefo shi leburanci. Duk abin da na faɗa sau ɗaya ya shige kansa ke nan, gobe zai maido mini da shi har da tarin da na yi a tsakiya. Amma na miƙa masa igiya na ce ya ratsa ta a kura, sai ya riƙe ta kamar an ba shi maciji. Akwai Tanko maƙeri, shi kuma kishiyar haka. Hannunsa ya san komai, bakinsa ya ƙi.

"Malam," in ji shi, "wannan ai tun ina goye nake ganin ana banƙare dutse da sanda. Yanzu don Allah sai na faɗi dalili dutsen zai tashi?"

"Bature dalilin zai tambaye ka."

"To shi bai sani ba ne?"

Sauran kuwa su suka fi ƙona mini rai, kuma da ladabi suka yi shi. Kowa ya san yadda aka tarbiyyantar da mu, ba a kallon malami a ido, ba a kuma ce masa ba a gane ba. Sai in ɗaga sanda in ce, "Ku dubi inda na sa dutsen, kusa da kayan." In waiga in ga kawuna a sunkuye, ana kallon takalmina. In ce, "Kun gane?" A amsa baki ɗaya, "To, Malam." In kira mutum ya gwada, ya sa dutsen a can ƙarshen sandar, ya danna har jijiyar wuyansa ta fito. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce wallahi ba zunubi ba ne a dubi hannuna. Su ɗago na ɗan lokaci, kunya ta sake mayar da su. Sau da yawa na koma ɗaki na zauna ina tambayar kaina abin da ya rabo ni da Haɗeja.

Mutum ɗaya ne ba ya sunkuyawa, shi ma ban gode masa ba. Kofur Yohanna ake ce masa, tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama, mutumin wajen Kagoro, dogo, ya ba arba'in baya. Kullum yana gaba, ya kafe ni da ido ko ƙiftawa ba ya yi. In na juya ina rubutu a allo ina bayani, sai ya tashi ya zagayo gefe ya leƙo fuskata. In na tambaye shi abu, ya amsa da ƙarfi kamar yana fareti, "Sa!" har sauran su yi ta gumtse dariya. In kuwa ya ba ni baya na kira shi, ko gezau. Na ce a raina, wannan ya ga duniya, ya ga yaro an ce masa malami, shi ya sa ya raina ni. Kallon nan ya hana ni sakat. Abin mamaki, ina fama da mutane su dube ni, ga wanda yake dubana, amma ni zagi nake gani a idonsa.

Abinci kuwa a wata rumfa kusa da ƙofar yadin nake ci, wurin wata mata mai suna Saratu. Ranar farko na tsaya ina jan ƙafa don na ga gicciye a wuyanta. Ta gane, ta yi dariya.

"Malam, zauna ka ci. Naman daga mahautan Tudun Wada ne, yankan ku ne. Ni ba zan cuce ka ba."

Tun daga ranar ta san ba na son yaji da yawa, takan ajiye mini miya daban. Ita ce ta ji labarin akwatina ta sa aka nemo mini tsohon gargaren keke, na cire tayar na mayar da shi kura. Da shi da guntayen katakon layin dogo da ganga ɗaya na ci gaba da koyarwa.

Cikin wata na biyu haƙurina ya ƙare. Muna fili, Kofur ya juya zai tafi inda kaya suke, na ce ya haɗo da igiya. Bai waiga ba. Na kira shi sau uku, na ukun da ihu, a gaban kowa. Ya yi tafiyarsa ƙwam-ƙwam. Wani ya yi 'yar dariya a bayana.  A ranar na zauna na rubuta takarda da Turancina mafi kyau, na ce Kofur Yohanna ba shi da ladabi, yana ƙura wa na gaba da shi ido, ana kiransa yana yin banza da mutane. Na kai wa Garba hedimani, shugaban leburori, wani gajere mai son a san shi ne.

"Yawwa, Malam," in ji shi. "Irin wannan rifot nake so. Sojojin nan sun ɗauka har yanzu suna bariki. Bar ni da shi."

Bayan kwana huɗu zazzaɓi ya kayar da ni. Ina kwance a ɗaki da hantsi, ba wanda ya leƙo, ina tunanin da a gida ne da yanzu inna ta dafa mini sabara, sai na ji sallama. Saratu ce da kwanon kunu. A bayanta wani dogon mutum ya sunkuyo ya shigo riƙe da ƙullin ganye. Kofur Yohanna. Ashe mijinta ne.

Ina daga kwance na ga abin da wata biyu ban gani ba ina tsaye. Za ta yi masa magana sai ta taɓa hannunsa tukuna, ta juyo da fuskarta saitin tasa, ta faɗa a hankali, "Ajiye a can." Ya bi leɓɓanta da ido, irin kallon nan dai da yake yi mini, sannan ya ajiye. 

"Saratu," na ce, "Kofur ba ya ji ne?"

Ta ajiye kwanon kunun. Sannan ta durƙusa a bakin tabarmata.

"Malam, don Allah, don girman iyayenka. Babban bindiga ne ya cinye kunnen a Bama. Da baki yake ji, in ya kalla. In Bature ya sani, ya ƙare. Shekara uku yana tsaya a ƙofa, yanzu suna wuce shi suna ɗauka matasa. Yara biyar ne a gida. Lamban nan ne kawai muke jira."

Shi yana tsaye yana duban bakinta, yana duban nawa. Ya ce da ƙarfin nan nasa, "Malam yana koyarwa da kyau. Sai dai yana juya baya da yawa."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ban iya gaya musu zancen takardar ba, na ce a raina zan je in karɓo ta, magana ta mutu. Da na warke na sami Garba na ce na huce, a ba ni takardata.

"Ta shiga fayil, Malam. Abin da ya shiga fayil ba ya fita."

"To a bar maganar. Mun shirya."

"Me ya canja?"

Ba ni da amsar da ba za ta tona asirin Kofur ba. Na ce babu komai. Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da abin da yake yi, ni kuma na ɗauka shi ke nan.

Watan ƙarshe shi ne kaɗai na ji daɗinsa a garin nan. Na aske gashin bakin da na sha wahalar tarawa. Na daina cin goro a aji. Na daina magana ina fuskantar allo, in zan yi bayani sai in juyo, in faɗa dalla-dalla. Abin ya amfani kowa. Alaramma na sa shi yana karanto dalili yana jan igiya a lokaci guda, har hannun ya fara bin bakin. Tanko na bar shi ya fara yi, in ya gama in ce, "To gaya wa Alaramma abin da ka yi," su yi ta musu har dalilin ya fito. Masu sunkuyawa kuwa na daina tsayuwa a kansu, na koma tsugunawa a ƙasa inda idonsu yake, a nan nake ɗora sanda a kan dutse. Kofur ya koya mana alamun hannu na soja, na ɗaga da na sauke da na tsaya, sai ga shi ko ana ruwa a kan kwano muna aiki. Duk ajin babu kamarsa. Shi kaɗai ya haɗa hannun da dalilin.

Shirinmu mai sauƙi ne. Mai Lofe ba ya jin Hausa sosai, ni ne tafinta. Zai yi tambaya, in juyo in fuskanci Kofur in faɗa masa a hankali, ya amsa. Mun gwada ya fi a ƙirga a bayan rumfar Saratu, bai taɓa kuskure ba.

Ranar jarrabawa da safe na hango Garba ya ja Kofur gefe, ya tsaya a gabansa yana magana yana kaɗa masa yatsa, yana nuna ƙasa. Kofur ya ƙame ya sara masa. Ina ta shirya tebur, ban kawo komai a raina ba.

Alaramma ya shiga ya zubo amsa kamar ana zuba gero a buhu. Tanko ya yi ta in-ina, amma ya tsallake. Aka kira Kofur Yohanna, na yi masa alama da hannu daga ƙofa. Ya shigo ya buga ƙafa, ya sara wa Bature, sannan ya sunkuyar da kai ya kafe idonsa a ƙasa.

Bature ya tambayi dalilin da ya sa siririn weji ya fi mai kauri saurin shiga itace. Na fassara. Shiru. Na sake faɗa da ƙarfi. Shiru.  Na matsa na taɓa hannunsa yadda Saratu take yi. Ya ɗago, amma ba ni ya duba ba, Garba ya duba a bakin ƙofa. Garba ya ɗaure fuska ya nuna masa ƙasa da yatsa. Kofur ya mayar da kai. Soja ne, an ba shi oda.

Da ya ji shirun ya yi yawa, sai ya yi ta maza ya cinka. Ya buɗe murya ya kawo bayanin kura, tiryan-tiryan, yadda igiya biyu suke raba nauyi gida biyu. Amsa ce mai kyau, ba ita aka tambaya ba. Bature ya cire lofen daga bakinsa, abin da ban taɓa gani ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsoro ne ya kama shi. A bar shi ya nuna da hannu." Ya yarda. Muka fita fili inda wani kan inji yake ajiye, wanda sai mutum shida suke ɗaga shi. Kofur ya kafa sanduna uku, ya rataya kura biyu, ya ratsa igiya, ya ja shi kaɗai. Ƙarfen ya tashi sumul ya tsaya daidai ƙugunsa. Leburori suka yi ta tafi. Na ce alhamdu lillahi, mun tsallake.

Bature ya matso. Ya zaga ta bayan Kofur, ya ɗauki sifana, ya maka wa ganga. Duk wanda ke filin nan sai da ya zabura, har Garba. Kofur yana riƙe da igiyarsa, yana kallon ƙarfen, ko motsi bai yi ba.

Ba da faɗa Baturen ya yi maganar ba. Ya ce mini mutumin gwani ne, amma ba zai sa wanda ba ya jin "a kauce" a ƙarƙashin kaya ba. Na kawo zancen alamun hannu, na ce duk ajin sun iya. Ya ce da ya amsa tambayoyinsa a ciki da bai ma bincika ba, amma yanzu ya sani, kuma ba zai iya yin kamar bai sani ba. Ya ja layi a kan sunan.

Na tare Garba a bayan ofis, raina a ɓace, na ce me ya gaya wa mutumin nan.

"A'a, Malam, ba kai ka kawo rifot ba? Na ce masa an yi ƙararsa a kan kallon manya. Yau in ya ɗaga ido ya kalli Bature ko ya kalle ka, shi da lamba har abada. Gyara shi na yi maka."

"Ka gaya masa wanda ya kai ƙarar?"

"Wannan sirrin ofis ne."

Mutum tara suka sami lamba. Aka yaba mini, aka ce za a ba ni sabon aji. Ban taɓa jin yabo ya yi mini ɗaci haka ba.

Bayan la'asar na tafi rumfar Saratu. Masu cin abinci sun watse, tana kankare tukunya. Kofur yana zaune a kan benci, har yanzu da rigar da ta goge masa don jarrabawa. Ya gan ni ya miƙe tsaye, ya ce, "Malam, yi haƙuri. Na ɓata maka aiki."

Wannan ita ta ƙarasa ni. Na tsuguna a gabansa yadda ake yi wa babba in an yi masa laifi, na sunkuyar da kai, na faɗi komai. Kiran da na yi masa sau uku, takardar, abin da na rubuta a ciki, zuwana karɓo ta da na yi na kasa, da shirun da na yi musu wata guda. Na ji ƙarar kankarar tukunya ta tsaya. Na gama, ina jiran abin da zai ce.

"Malam," ya ce, "ɗaga kai. Kana magana da ƙasa, ni ban ji ba. Sake faɗa, ina kallo."

Na ɗago. Yana duban bakina, yana jira, irin jiran da yake yi in zan fara darasi. Na dubi Saratu ko za ta taimake ni, ta kawar da kai. Sai na sake ɗaukowa daga farko, sannu a hankali, kalma bayan kalma, yadda na saba yi masa. Babu wadda ta wuce shi. Na ga lokacin da ya kai kan takardar, na ga lokacin da ya gane hannun wa ya rubuta ta.

Kalma biyu suka rage mini, in ce ya yafe mini. Na buɗe baki ke nan, sai ya juyar da fuskarsa wajen layin dogo.